Lemo Ɗaya a Dar Salam, Ɗaya a Kano

Duk wanda ya taɓa sayen lemo a bakin kasuwar Suƙ Libiya da ke Omdurman a shekarun casa'in, da wuya bai san teburin Haliru Ɗantani ba. Sauran 'yan tebur tsiba lemonsu suke yi yadda ya zo daga mota. Shi kuwa sai ya ware su gwargwadon girma, ya jera su layi-layi, har maƙwabtansa na kasuwa suna tsokanarsa cewa lemonsa sun fi sojoji iya fareti. Yakan yi murmushi kawai, ya gyara wanda ya karkace.

Ba a kasuwa ya koyi wannan hali ba. An haife shi a wani kambo, wato sansanin leburorin auduga, a Jazirar Sudan, kusa da Hasahisa. Yana da shekara goma sha biyar ma'aunan ƙasa suka ɗauke shi ya riƙe musu bakin tef, kuma shekara ashirin da biyu ya yi yana bin magudanan ruwa, yana kafa turaku, yana shafa musu jan fenti. Karatunsa bai wuce na allo ba, amma lamba ba ta taɓa ruɗa shi ba. Da aikin ya ja baya, wani injiniya ya bar masa tef mai tsawon mita talatin a cikin kubensa na fata, shi kuma ya kwashi iyalinsa ya nufo Omdurman.

Gidan da ya fara ginawa bai daɗe ba. A shekarar 1992 wasu mutane suka zo unguwarsu da turaku da jan fenti, bayan mako biyu katafila ta biyo sawunsu. Aka loda mutane da gadajensu a manyan motoci, aka sauke su a filin Allah ta'ala yamma da gari, aka ce sunan wurin Dar Salam. Haliru ne ya auna wa rabin layinsu harsashin gini, shi ya sa har yau katangun wajen a miƙe suke. Mai riƙe masa bakin tef a lokacin ita ce autarsa Mawahib, wadda in ya kira lamba sai ta maimaita da Larabci, ta sake maimaitawa da Hausa, don ta ba shi dariya.

Mawahib ta zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata ta unguwar. A watan Afrilun 1999, lokacin annobar sanƙarau, ranar Litinin ta ce wuyanta na ciwo, ranar Alhamis aka kai ta makwancinta. Shekararta ashirin da huɗu. Bayan kwana bakwai Haliru ya koma teburinsa, ya ci gaba da jera lemo kamar da. Tef ɗin ne kawai ya rataye a ƙusa bayan ƙofa, bai ƙara ɗaukarsa ba. Matarsa Laraba ta ga haka, takan share masa ƙura ran Juma'a.

Wata goma bayan haka, wata safiyar Lahadi, shugabar makarantar, Ustaza Ni'mat, ta tsaya a gaban teburinsa da wani littafin rubutu mai shuɗin bango.

"Ammu Haliru," in ji ta, wato baffa da Larabci, "wannan na Mawahib ne. A bayan kabad muka same shi."

Ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓa.

"Akwai darasin da ta yi wa 'yan ajinta alkawari," in ji Ni'mat. "Darasin lemo suke ce masa. Yanzu suna aji takwas, ranar Alhamis ɗin nan ce ranarsu ta ƙarshe kafin jarrabawa, daga nan kowa ta kama gabanta. Sun dame ni da tambaya. Na duba, duk awo ne, ni kuwa Larabci nake koyarwa. Duba shafin ƙarshe."

Shafin cike yake da lambobi a jere, irin jerin da shi ya koya mata. Ni'mat ta karanta masa bayanin. In aka ce rana lemo ce mai faɗin santimita tara, to duniyar nan tamu ƙwayar yashi ce, nesa da lemon da mita tara da santimita saba'in. Sauran duniyoyin da ke kewaya rana kowace da ƙwayarta da tazararta, har zuwa ta ƙarshe. A can ƙasan shafin akwai layi ɗaya da aka ja wa zare biyu. Ni'mat ta karanta masa shi.

"Ta rubuta: a ce wa Baba ya zo da tef."

Haliru ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya tambaya, "Ƙarfe nawa ranar Alhamis ɗin?"

A ranar ya dawo gida da kwandon lemon Jabal Marra, ya sauke tef daga ƙusa, ya zauna a tsakar gida yana auna su ɗaya bayan ɗaya. Laraba tana tankaɗe, tana kallonsa ta gefen ido.

"Abu Mawahib, yanzu kuma da mita za ka riƙa sayarwa?"

"Rana nake nema."

"To ɗaga kanka mana, ga ta can tana ƙona mini wanki."

Lemo arba'in da uku ya auna kafin ya sami biyu da suka cika santimita tara daidai. Ya ajiye su a inuwar randa, ya gargaɗi kowa a gidan.

Ranar Laraba da sassafe ya fita da turaku tara, ɗaya ga kowace duniya. Ya fere su da kyau, kuma ya shafa wa kawunansu jan fenti, don a saninsa turke ba ya zama turke sai da jan kai. Ya fara daga ƙofar makaranta, ya miƙe layin da ya yi gabas. Huɗu na farko duk ba su wuce katangar makarantar ba. Na biyar, na duniyar Mushtari, ya faɗa mita hamsin, daidai gaban rumfar mai shayi. Na Zuhal, mita casa'in da biyu da rabi, ya tsaya a bakin ƙofar Gogo Kande, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layin. Na ƙarshe, mita ɗari uku da tamanin da biyu, ya sauka a gindin dakalin Muntasir, shugaban kwamitin unguwa. Haliru ya rubuta lamba a jikin kowane turke, ya naɗe tef, ya tafi kasuwa ransa fari, irin farin da ya kwana biyu bai ji ba.

Abin da bai yi tunani ba shi ne, mutanen layin nan sun taɓa ganin turaku masu jan kai, kuma sun san abin da ke biyo bayansu.

Da ya dawo bayan azahar bai gane layinsu ba. Gadaje a waje, tukwane a waje, awaki a ɗaure a jikin amalanke. Mai shayi ta kwance rumfarta. Wasu samari na kan rufin wani gida suna ɓamɓare kwano, domin darasin 1992 shi ne katafila ba ta jira a cire ƙofa da rufi. Gogo Kande kuwa tana zaune a tsakiyar titi a kan ƙofar ɗakinta ta ƙarfe, da carbi a hannu. Turakun duk an tumɓuke su, suna hannun Muntasir.

"Ga shi nan!" wani ya yi ihu. "Shi aka gani da tef!"

Muntasir ƙaton mutum ne mai son a ga yana aiki. Ya ɗaga turakun sama. "Ya Ammu, wa ya aiko ka? Titi za a fitar? Ni shugaban kwamiti ban sani ba?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ba titi ba ne."

"Halirun Ɗantani," in ji Gogo Kande, "ni na ba ka kunu ranar da aka zubar da mu a nan. Faɗa mini gaskiya, turken da ke ƙofata na mene ne?"

"Na Zuhal ne, Gogo."

"To ka gaya wa Zuhal ɗin, ko ɗan wane ne, ba inda zan tashi."

Haliru ya yi ƙoƙarin bayani, amma bayani ba sana'arsa ba ce. Ya ce rana lemo ce, aka kalli juna. Ya ce duniya yashi ce, wata mata ta ce wayyo, rashin yarinyar nan ya taɓa shi. Muntasir ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Ammu, ka san zamanin da muke ciki. In maganar jan turke ta kai sama, ni za a kira a tambaya. Ba turke, ba taro a titi. Halas, magana ta ƙare."

Gobe ce kaɗai ta rage. Bai iya roƙo ba, don haka ya zaro littafin daga aljihu, ya buɗe shafin ƙarshe, ya miƙa. Muntasir ya karanta daga sama har ƙasa. 'Yarsa Hafiza tana cikin 'yan ajin, kuma ya san rubutun da ya sha gani a littattafanta da jan biro. Ya rufe littafin a hankali, ya sosa ƙeya.

"Allah ya jiƙan Ustaza. Amma turakun nan, wallahi ba za su koma ƙasa ba."

Laraba, wadda ta fito da mayafi a karkace, ita ta raba gardamar.

"Turaku ne suka firgita mutane. To a bar turaku, a kafa mutanen. Kowa ya tsaya a ƙofar gidansa ya riƙe abin da aka ba shi. Tsayuwa a ƙofar gida ma sai da takarda, ya Muntasir?"

Muntasir ya yi tunani, ya ga babu dokar da ta hana. "Ni me zan riƙe?"

Haliru ya duba shafin. "Kai ne Bulutu, duniyar ƙarshe."

"Babba ce?"

"Ƙwayar garin tuwo."

Dariyar da aka yi a wurin ita ta mayar da gadaje cikin gidaje. Gogo Kande dai ta ce ba za ta riƙe komai ba sai wanda ya sa ta cire ƙofarta ya mayar mata. Haliru ya yini har la'asar sakaliya yana ɗaura ƙofa da mayar da kwanon rufi, ana kawo masa shayi ana yi masa tsiya.

Ranar Alhamis da hantsi 'yan mata arba'in da shida suka fito ƙofar makaranta. Ni'mat ta ɗora lemon a kan kujera. Haliru ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Da ya ga idanunsu a kansa, maimakon jawabi sai ya yi abin da ya iya, ya ba Ni'mat bakin tef ya ja baya yana kiran lamba. Ya kira ta farko da Hausa, sai 'yan matan suka maimaita da Larabci gaba ɗaya, ba wanda ya ce su yi. Ya ɗan tsaya, ya gyara tsayuwa, sannan ya kira ta biyu.

A mita tara da santimita saba'in Laraba na tsaye da ƙyallen baƙin yadi a tafin hannu. Ta manna ƙwayar yashin da ƙaro don kada iska ta ɗauke. 'Yan matan suka yi layi suna leƙawa.

"Wannan ce duniya?" in ji wata. "Duka? Har da Nilu?"

"Har da Nilu, har da Makka, har da jarrabawarku," in ji Laraba. "Kada wadda ta yi mini atishawa a nan."

Suka wuce mai shayi, wadda ta riƙe ƙwayar gyaɗa a cikin cokali tana ta yanga, don an gaya mata tata ta fi kowace girma. Suka isa wurin Gogo Kande da ƙwayar wakenta. Haliru ya ce su waiwaya. Lemon ya koma ɗan ɗigo, sai mai kaifin ido ke ganinsa. Daga nan tafiyar ta yi tsawo, surutu ya ragu, ba a jin komai sai takun takalma da ƙarar tef. Gogo ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta damƙe wakenta ta biyo su da sanda. Rabin layin ma ya biyo.

Muntasir na tsaye a dakalinsa da rawani, ya miƙo ɗan yatsa mai ɗigon gari a kai, fuskarsa a ɗaure kamar mai karɓar baƙin gwamnati. Daga nan ko kujerar da kyar ake gani, balle lemon.

Hafiza ce ta yi tambayar, rabi da Hausa rabi da Larabci. "Ammu, Ustaza Mawahib ta ce kowane tauraro rana ne. To wanda ya fi kusa da mu, a ina za a ajiye lemonsa?"

Wannan tambayar Haliru yake jira, don amsarta ce ta hana shi sukuni tun ranar Lahadi. "Ku canka."

Wata ta ce Suƙ Libiya. Wata ta ce gadar Nilu. Muntasir ya ce, don a san ya yi tafiye-tafiye, Madani.

Haliru ya buɗe littafin, ya karanta lambar sau biyu. "Kilomita dubu biyu da ɗari shida. Ta rubuta sunan garin a gefe. Kano."

Yawancin 'yan matan ba su san Kano ba sai a bakin kakanni. Gogo Kande ta matso, ta dogara da sandarta. Tana da shekara bakwai iyayenta suka baro Kano da niyyar hajji, a ƙasa da kan jaki, suna tsayawa noma a hanya, sai da suka shekara huɗu kafin su ga Nilu.

"Tsaya, yaro. Lemo ɗaya a nan, ɗaya a Kano?"

"Haka ne, Gogo."

"A tsakani fa?"

"Babu komai."

"Duk tafiyar nan da muka yi, Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Jinena, ko lemo ɗaya babu?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai. "Wannan kam yarinyar ta yi gaskiya. Ni ma ban ga ko ɗaya ba." Ta juya ga 'yan matan. "Kun ji dai. Daga tauraro na taso na zo tauraro, kuma a kan jaki. Kada wadda ta ƙara raina ni."

Da dariya ta lafa, Ni'mat ta karɓi littafin ta karanta sakin ƙarshe. Farin zanen nan da ke ratsa sama, wanda mutanen Sudan ke cewa sawun inda aka ja ragon Annabi Ibrahim ne, taurari ne fiye da miliyan dubu ɗari, kuma tsakanin kowane da maƙwabcinsa akwai tazara mai kama da wannan. Wanda zai ƙirga su ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya shekara fiye da dubu uku. Kuma irin wannan zane ba shi kaɗai ba ne, su ma ba su ƙirguwa.

"Subhanallah," in ji Muntasir, yana duban yatsansa. Garin ya riga ya faɗi, bai san lokacin ba.

"Ni lemo ɗari uku nake jerawa, bayana ya yi ciwo," in ji Haliru. "Allah kuwa ya jera duk waɗannan, ko ɗaya bai karkace ba."

Aka koma makaranta, aka ɓare lemon rana aka raba wa waɗanda suka riƙe duniyoyi, kwandon da ya rage kuma 'yan mata suka cinye. Kafin su watse kowace ta zo ta gaishe shi, wasu suna cewa Ammu, wasu Baba.

Saura lemo na biyu. A wurin ma'auni, awon da aka kafa bakinsa ɗaya ba awo ba ne. Haliru ya nemi Muhammad Sani, wani ɗan kasuwa mai safarar huluna da turare tsakanin Omdurman da Kano ta hanyar mota, ya damƙa masa lemon a cikin gwangwani, da wani zare da ya yanka daidai kewayensa.

"In ka isa, ka ajiye shi a wuri mai tsayi."

"In ce wa masu binciken kan iyaka mene ne?"

"Ka ce tauraro ne."

"Zan ce guzuri ne, Malam. Ina da iyali."

Bayan wata huɗu saƙo ya iso a kaset, yadda aka saba aikowa. Laraba ta kira Gogo Kande da Ni'mat, aka kunna rediyo a ƙarƙashin rumfa. Bayan doguwar gaisuwa, muryar Muhammad Sani ta yi ƙasa. Ya ce a yafe masa, motarsu ta lalace kafin Abeshe, suka kwana shida a wurin, tauraron ya fara laushi, shi kuma ƙishi ya dame shi, ya sha. Amma da ya isa Kano ya tafi 'Yan Lemo da zaren, ya yi ta zagaya lemon mutane har aka fara taruwa ana kallonsa, ya sami wanda zaren ya haɗu a jikinsa cif. Ya ɗora shi a kan katangar gidansu a Fagge ranar Talata, ya faɗi kwanan watan, kuma yana nan har lokacin da yake magana, in dai jikokinsa ba su gani ba.

Laraba ta yi dariya har da riƙe ciki. Gogo ta ce ta san za a yi haka, mutumin Kano ba ya tafiya da abinci ya isa da shi.

"Ba laifi," in ji Haliru. "Da ma wata rana ce daban, ba tamu ba. Tunda zaren ya haɗu, awo ya cika."

Ya sa aka mayar da kaset ɗin baya don ya tabbatar da ranar. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin mai shuɗin bango. A ƙarƙashin layin da aka ja wa zare biyu ya rubuta kwanan wata biyu da lambobinsa masu tsabta, na Alhamis ɗin Dar Salam da na Talatar Kano.

Washegari ya tafi kasuwa da tef a aljihun jallabiya. Haka kuma yake fita har ƙarshen zamansa a teburin. In ka sayi lemo a wurinsa kuma ba ka sauri, yakan ɗaga guda ɗaya ya tambaye ka ko ka san inda na biyun yake.